Da Tsohuwar Zuma Ake Magani? Lissafin Ɗauko Gogaggen Ɗan Wasa

Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallon ƙwallo a Ƙaraye ya san akwai musun da ba ya ƙarewa. Ana tashi daga wasa sai a koma teburin mai shayi a ɗora daga inda aka tsaya. Wani ya ce Kano Pillars ta yi dabara da ta dawo da Ahmed Musa, wani ya ce ai an sayi suna ne kawai, ƙafar ta riga ta tafi. Wani ya kawo Rabi'u Ali Pele a matsayin hujja, wani ya ce wannan ai shi kaɗai ne Allah Ya yi wa baiwarsa. Haka za a yi ta yi har mai shayi ya fara kife kofuna.

A hostal ma ba mu tsira ba. Na ga abokai biyu sun kwana uku ba sa ga maciji saboda wannan magana, alhali ga jarabawa a gabansu. Shi ya sa na ce bari mu ajiye hayaniya, mu duba abin a tsanake: yaushe ne ɗauko tsohon ɗan wasa yake zama riba ga ƙungiya, yaushe kuma yake zama asara?

Musun ba namu ba ne mu kaɗai

A Amurka suna da irin tasu ƙwallon, wadda ake ɗauka da hannu ana jifa. Babbar gasarsu ita ce NFL, mai ƙungiyoyi 32. A cikin 'yan wasa goma sha ɗaya da ke fili akwai wani guda da suke kira kwatabak. Kusan duk harin da za a kai daga hannunsa yake farawa: shi ke karɓar ƙwallo, ya duba fili, ya zaɓi wanda zai jefa wa. Idan za mu kwatanta da tamu tamaular, shi ne mai raba ƙwallo, lamba goma, kuma kyaftin a lokaci guda.

Su a can ba kasafai ake sayen ɗan wasa da tsabar kuɗi ba, musaya ake yi. Kowace shekara ƙungiyoyi suna bin layi su zaɓi matasan da suka fito daga jami'o'i. To idan kana son gogaggen ɗan wasan wata ƙungiya, sai ka ba ta gurbinka na wannan layi. Wato ka ba da gobe ka karɓi yau.

Wani lokacin cinikin yana yin kyau. A 2021 ƙungiyar Los Angeles Rams ta ɗauko Matthew Stafford yana ɗan shekara 33, ta ba da nata matashin kwatabak ɗin, Jared Goff, haɗe da guraben zaɓe uku. A kakar farko ta ɗauki kofi. Kafin nan, a 2020, Tom Brady ya bar New England bayan kaka ashirin ya koma Tampa Bay yana da shekara 42, shi ma a kakar farko ya ci musu kofi.

Wani lokacin kuma sai a tafka asara. Denver ta ba da 'yan wasa uku da guraben zaɓe biyar a 2022 don ta samu Russell Wilson, bayan kaka biyu ta sallame shi ba tare da an ga abin kirki ba. New York Jets ta ɗauko Aaron Rodgers a 2023 yana ɗan shekara 39, a wasan farko, cikin mintunan farko, jijiyar agararsa ta tsinke, kakar ta wuce bai sake bugawa ba.

Ka ga ke nan shekaru kaɗai ba su ne ke yanke hukunci ba. Mai 42 ya ci kofi, mai 33 ya kasa. Akwai wasu abubuwan a ƙasa.

Labarinmu na gida

An kafa Kano Pillars a 1990. Ta ɗauki kofin gasar Firimiya ta Najeriya sau huɗu: 2008, 2012, 2013 da 2014. A 2009 ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka, bayan ta fitar da Al Ahly ta Masar. A 2019 ta ci kofin ƙalubale a Kaduna, inda ta doke Niger Tornadoes a bugun fanareti. Sai kuma 2022 ta zo, Masu Gida suka faɗa gasar 'yan dagaji, abin da da yawanmu ba mu taɓa zaton za mu gani ba. A 2023 suka dawo.

Ahmed Musa a Pillars ya fara yin suna. A kakar 2009/2010, yana ɗan shekara 17, ya zura ƙwallo 18, ya fi kowa ci a gasar. Daga nan ya tafi VVV-Venlo ta Holan, sai CSKA Moscow, sai Leicester City ta Ingila a 2016, sai Al Nassr ta Saudiyya. A gasar cin kofin duniya ya ci Ajantina biyu a 2014, ya ci Aisilan biyu a 2018.

Ya dawo Pillars sau biyu, kuma dawowar ba iri ɗaya ba ce. Ta farko a Afrilun 2021, lokacin ba shi da ƙungiya. Kowa ya san zaman jiran mota ne, kuma cikin 'yan watanni ya wuce Turkiyya. Gari ya ɗauki murna, amma kofin shekarar Akwa United ce ta ɗauka, kuma a kakar da ta biyo baya ne Pillars ta faɗa. Ta biyu a Oktoban 2024, gab da cikarsa shekara 32. A wasansa na farko ya ci Sunshine Stars ƙwallo biyu. Shehu Abdullahi, ɗan Sakkwato, wanda shi ma tsohon ɗan Pillars ne da Super Eagles, ya dawo a wannan kaka. An ga wasa mai kyau, 'yan kallo sun ƙaru, jaridun da ba sa waiwayar gasar gida sun waiwayo. Amma kofin kakar Remo Stars ce ta ɗauka. A Yulin 2025 kuma gwamnatin jihar Kano ta naɗa Musa babban manajan ƙungiyar.

Shi kuwa Rabi'u Ali labarinsa daban ne, don shi ba ɗauko shi aka yi da tsufansa ba, a gidan ya tsufa. Da shi aka ci kofunan 2012, 2013 da 2014, yana cikin tawagar Stephen Keshi da ta zo ta uku a gasar 'yan wasan gida ta Afirka a 2014, kuma ya haura arba'in yana ci gaba da zura ƙwallo. Amma a tuna, yana nan lokacin da aka faɗa a 2022. Wannan ba laifinsa ba ne. Abin da yake nunawa shi ne gwani ɗaya, komai gwanintarsa, ba ya riƙe ginin da ginshiƙansa suka yi rauni.

Me ƙungiya ke saya in ta ɗauko gogagge?

Na farko, ido. Matashi yana kallon ƙwallo, gogagge yana kallon fili. Kafin ƙwallo ta iso ƙafarsa ya riga ya san inda za ta je. Wannan ba a koyon sa a wata shida, sai an buga ɗaruruwan wasanni.

Na biyu, natsuwa. A gasarmu wasan waje ba wasa ba ne. Ka je Aba ko Fatakwal, dubban mutane suna yi maka ihu, an zura maka ɗaya a minti goma. A nan ne yara ke rikicewa su fara dukan ƙwallo duk inda ta faɗa. Ana buƙatar wanda zai taka ta, ya ɗaga hannu ya ce a kwantar da hankali.

Na uku, tarbiyya. Yaron da yake ganin wanda ya buga kofin duniya yana zuwa atisaye kafin kowa, yana kula da abin da yake ci da lokacin barcinsa, ya samu darasin da koci ba zai iya ba shi da baki ba.

Na huɗu, kasuwa. Suna yana cika filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, yana sayar da riga, yana jawo masu talla. Wannan kuɗi ne na gaske, kada a raina shi.

Me kuma take biya?

Mu da muka zauna a ajin akanta an koya mana cewa duk kadarar da ka saya darajarta tana raguwa da shekaru. Ɗan wasa ma haka ne, sai dai da bambanci guda: matashi darajarsa hawa take yi kafin ta fara sauka. A ce ƙungiya tana da kuɗin albashin mutum ɗaya babba, ko na yara huɗu. In ta ɗauki babban, bayan shekara biyu ya yi ritaya, ba ta da abin sayarwa. In ta ɗauki yaran, ko da uku sun lalace, na huɗun zai iya tafiya Turai ya dawo mata da abin da ta kashe har da riba. Ga ƙungiyoyinmu da ba su da kuɗin talabijin irin na Ingila, sayar da matasa yana cikin 'yan hanyoyin samun kuɗi na ƙwarai.

Sai jiki. Abin da ya fara barin ɗan wasa shi ne gudu, sannan saurin warwarewa bayan wasa. Ɗan ashirin zai buga Lahadi ya buga Laraba lafiya lau. Ɗan talatin da biyar ranar Laraba bai gama jin jikin Lahadi ba. Gasar Najeriya kuwa ƙungiya 20 ce, wasa 38, ga doguwar tafiya a mota daga Kano zuwa Uyo ko Ikenne, ga filaye masu tauri, ga rana. Wanda ya saba da jirgi da ciyawa mai laushi, gwiwarsa ce za ta fara ba shi labari.

Sai ɗakin canza kaya. In mutum ɗaya yana karɓar ninkin abin da sauran ke karɓa, kuma su ne ke yi masa gudu, dole a samu gunaguni, musamman in albashinsu yana makara. Sannan koci yana iya jin nauyin ajiye babban suna a benci ko da ba ya kan ganiyarsa, don ya san magoya baya za su taso masa.

Na ƙarshe, kuma shi ya fi damuna: gurbi. Mutum goma sha ɗaya ne ke shiga fili. Duk rigar da aka ba tsoho an hana yaro. Mu tambayi kanmu, da a ce a 2009 Pillars ta cika gabanta da manyan sunaye, wa zai ba wani ɗan shekara 17 daga Jos dama har ya ci 18? Da babu Ahmed Musan da muke musu a kansa yau.

Kada mu manta kuma, Pillars ta gwamnatin jiha ce. Kuɗin da ake kashe mata daga asusun da ake gyara makarantu da asibitoci yake fitowa. Don haka manomin rake a Rogo da masuncin dam ɗin Challawa suna da haƙƙin tambayar yadda aka kashe shi, ko da ba su taɓa shiga filin wasa ba.

Abin da ya faru da mu a kofin Sallah

Ni ma na taɓa shiga wannan ciniki, kuma na ji a jikina. Shekara biyu da suka wuce ƙungiyar unguwarmu ta kai wasan kusa da na ƙarshe a kofin da ake sawa lokacin Sallah. Sai muka yi karo-karo muka ɗauko wani babban yaya daga cikin birni, wanda ya taɓa buga wa wata ƙungiyar gasar ƙasa. Ni ne ma na fi kowa zaƙewa. Don a ba shi wuri sai aka ajiye wani yaro ɗan shekara goma sha bakwai da ya buga mana lamba goma tun farkon gasar.

Gaskiya mutumin ya iya. Kafin hutun rabin lokaci ya ba da ƙwallo biyu an ci, irin fasin da ba mu taɓa gani a filinmu ba. Amma da aka dawo sai numfashi ya ƙare. Ya tsaya a tsakiya hannu a ƙugu, abokan karawarmu suka gane, suka riƙa bi ta wajensa. Kocinmu ya kasa cire shi, don kuɗinmu na jikinsa. Aka farke biyun, aka fitar da mu a fanareti. Babban yaya ya karɓi kuɗin motarsa ya koma birni. Yaron kuwa ya yi fushi ya koma buga wa wata ƙungiya a Rogo, kuma da aka sake haɗuwa bara, shi ya ci mu.

Da na ba kawuna labari, dariya ya yi. Shi bai san lamba goma ba, amma ya san shanun huɗa. Ya ce, "Ɗana, ai ba a yin haka. In ka samu sabon sa, da tsoho kake haɗa shi a karkiya ɗaya. Tsohon ya san kunya, sabon yana da ƙarfi. In ka ɗaure sabon a turke ka bar tsohon shi kaɗai, bana ba ka gama huɗa ba, baɗi kuma ba ka da sa."

Na ce, "Kawu, to ai wuri ɗaya suke bugawa."

Ya ce, "To sai ka san wanda za ka fara da shi da wanda zai ƙarasa. Wa ya ce dole sai ɗaya ya mutu ɗaya zai rayu?"

Tambayoyi biyar kafin a sa hannu

Daga waɗannan misalai, ga abin da nake ganin ya kamata shugabannin ƙungiya su tambayi kansu.

Ta ɗaya: mun kusa, ko da saura? Gogagge yana amfani ne ga ƙungiyar da ta haɗa komai, mutum ɗaya ya rage mata. Rams da Tampa Bay suna da ƙarfi tun kafin baƙin su zo. Chelsea ta ɗauki Thiago Silva yana ɗan shekara 35 a 2020, ta ci kofin zakarun Turai a 2021, amma ta sa shi ne cikin matasa masu jini a jika. In ƙungiya tana ginin tushe ne, kuɗin ya fi amfani a wajen yara.

Ta biyu: da me yake wasa, da kai ko da ƙafa? Gola, mai tsaron baya na tsakiya da mai raba ƙwallo sun fi daɗewa, don aikinsu ya fi dogara da karanta wasa. Ɗan gefe da ya yi suna da gudu, ranar da gudun ya tafi sai ya sake salo ko ya zama ɗan kallo a cikin fili.

Ta uku: wa zai yi masa gudu? A 2011 AC Milan ta bar Andrea Pirlo ya tafi kyauta yana ɗan shekara 32, tana ganin ya ƙare. Juventus, wadda ta zo ta bakwai kaka biyu a jere, ta ɗauke shi ta sa Arturo Vidal da Claudio Marchisio a gefensa suna ƙwato ƙwallo suna ba shi. A kakar farko ta ci gasar Italiya ba a doke ta ko sau ɗaya ba, kuma duk kaka huɗun da ya yi a can an ɗauki kofi. Kwatanta da Manchester United da ta dawo da Cristiano Ronaldo a 2021 yana ɗan shekara 36. Ya ci ƙwallo 24 a kakar, amma ƙungiyar da ta zo ta biyu kafin zuwansa ta koma ta shida. Shi ya yi nasa, tsarin ne ba a gina shi don ya ɗauke shi ba.

Ta huɗu: me likita ya ce, kuma wasa nawa ya buga a shekara biyun da suka wuce? Ba bidiyon ƙwallayen da ya ci shekara takwas baya za a kalla ba. Wanda ya daɗe ba ya wasa, ɗaukarsa ba tare da gwaji ba cinikin biri a sama ne. A nan ma sai an yi hattara da abin da muke kira shekarun ƙwallo, don kowa ya san ba kullum takarda ke faɗin gaskiya ba.

Ta biyar: yaya kwantiragin yake? Shekara ɗaya, da damar ƙarawa in an ga amfani. Wani kaso na kuɗin ya dogara da yawan wasan da ya buga. A kuma faɗa masa tun farko cewa wata rana zai zauna a benci, kuma renon wanda zai gaje shi yana cikin aikinsa. In ya ƙi wannan sharaɗi, ya ba ka amsa tun kafin ka biya.

To ina na tsaya?

Ni a ganina, ƙungiya irin Pillars ta ɗauki gogagge, amma ɗaya ko biyu, ba rabin tawaga ba. Dawowar Musa ta biyu ta fi ta farko ma'ana, don ya zo zama ne, kuma ya buga. Ta jawo ido kan gasar gida, wanda shi ma riba ce. Sai dai ba da cikar fili ko yawan riga za a auna nasararta ba. Ma'aunin shi ne, nan da shekara uku ko huɗu, yara nawa ne daga Ƙaraye, Rogo, Gwarzo ko Fagge za a ce sun fito ta hannun waɗannan manya? Yanzu da Musa yake kan kujerar manaja, tambayar ta koma teburinsa, kuma shi ya fi kowa sanin amfanin ba ɗan shekara 17 dama.

Mu 'yan ajin ƙarshe ma abin ya shafe mu ta wata fuskar. Nan da 'yan watanni za mu miƙa furojet mu fita, mu fara cin karo da tallan aiki da ke cewa sai mai gogewar shekara biyar. Ranar nan za mu gane yadda yaron da muka ajiye a benci ya ji. Masu ɗaukar aiki suna da hujjarsu, kamar yadda muka ga muna da tamu. Fatanmu dai Allah Ya haɗa mu da masu tunani irin na kawuna, waɗanda za su sa mu a karkiya ɗaya da manya mu koyi kunya.

Wanda bai yarda da ni ba, ya same ni wajen mai shayin bakin get bayan sallar isha'i. Amma ya zo da hujja, kuma shi zai biya kuɗin shayin.